Hannun Labo Tela

Shekara uku ke nan allura ta gagare shi.
Labo da ya yi wa rabin Bagalam aska takwas,
yau shayi ma zubewa yake kafin baki.

Yamai da nisa, aljihu kuwa ba nauyi.
Manjo Harisu ya ce mu zo Laraba,
ɗakin bayan wurin awon jini,
za a kawo mana Yamai cikin gilashi.

Ga likita Barira, ɗalibai bakwai a bayanta.
"Baba, taɓa hancinka. Taɓa yatsan manjo.
Taka zuwa ƙofa, ka juyo."
Ya ce, "Ɗiyata, ni da na aurar da tara
ake koya wa tatata?"
Dariyarsu ta iso bayan sun rufe baki.

Tana nuna musu babban yatsansa,
wai ku duba, kamar mai jan carbi,
sai rezo ya ɗauke.
Hoto ya sandare.

A kusurwar gilashin na ga hannun ubana
tsaye cak, ko gezau,
irin na da, mai zura zare da magariba.
Ban ce a gyara ba.
Shi ma kallo yake.

Da rezo ya komo ta rubuta ƙwaya,
ta ce wata mai zuwa ya zo da allura, ta gani.
Bisa kabu-kabu, dab da babbar kasuwa,
ya leƙo kafaɗata yana tambaya
ko har yanzu kekensa na da mai.