Murfin Kwalba Ɗaya

Ubana ya bar mini gona a bayan Ejisu,
ba tasa ba ce, aro ce daga dangin Opanin Boakye.
Ya bar fartanya da ƙotarta ta sha gumi,
da magana guda: farin buhu ba ya ƙarya.

Shekara bakwai ina barbaɗa takin kanti.
Masara ta yi shar kamar an shafe ta da mai,
ni kuwa ina ratsa Aboabo ina buɗa kafaɗa.
A ta takwas ƙasa ta daina amsa sallama.
Ruwan Afrilu ya sauko, ya bi ta kanta ya wuce
kamar baƙon da ya tarar da ƙofa a garƙame.
Na sara, fartanya ta yi ƙara.
Ja, tauri, sai ka ce tsingaro.
Ko tana ɗaya ban tono ba.

A Kejetiya buhu ya hau, sidi ya sauka.
Na tsaya gaban shago ina lissafi da yatsu,
yatsu suka ƙare, lissafi bai ƙare ba.

Maame Frimpomaa mai kaji a bakin hanya
ta tare ni da Hausarta ta kasuwa:
"Tanimu, kwashe mini wannan wari in huta."
Kashin kaji ne, cakuɗe da garin katako.
Na cika aboboya sawu uku, ina toshe hanci.
Garaje ya sa na zuba shi ɗanye,
kwana biyar tsiro ya ƙone ƙurmus.
Ta yi dariya har da riƙe ciki:
"Kai daga kan wuta kake haɗiye tuwo?"

Sai na tara shi a gindin mangwaro,
na lulluɓe da ganyen ayaba,
ina juyawa duk ranar Lahadi.
Hannu in na cusa, zafi kamar cikin tanda.
Mako shida, zafin ya kwanta,
wari ya tafi, ya bar ƙanshin yayyafin farko.

Ƙaramar damina ta Satumba ta same ni a shirye.
Na binne baƙin takin kafin iri ya sauka.
Buhu kuwa rabi na saya, ban ji kunya ba.
Murfin kwalba ɗaya ga kowane gindi,
yatsa huɗu nesa da kara,
in tona, in zuba, in rufe da diddige
kada rana ta sha, kada ruwa ya sace.

A nan na gane abin da ubana bai kai ga gani ba.
Na kanti koko ne da sassafe,
yana tayar da kai, ba ya kai ka azahar.
Na kaji tuwo ne, nauyinsa a hankali yake sauka,
shi ke riƙe ciki ranar da sama ta yi rowa.
Ni da na ba gona koko shekara bakwai,
ina mamakin ta rame!

Ba zan ce rumbu ya fashe ba.
Buhu tara na ɗaure inda bara na ɗaure huɗu,
kuma tsutsa ta ci nata kason a gefen rafi.
Karan ma ban sa masa wuta ba,
na kwantar da shi, ya zama bargon ƙasa.

Na kai wa Frimpomaa kwando na goyon farko.
Ta ɓare ɗaya, ta danna farce, ruwa ya fito fari.
Ta ce, "Baɗi kashin kajina da kuɗi ne."
Na ce na ji.

Jiya da yamma na sara don gyaran kunya,
fartanya ta shige ba ƙara.
A bakinta ga tana, tana murɗa jiki.
Na durƙusa na mayar da ita,
na rufe ta a hankali
kamar mai gyara wa jariri mayafi.