Littafin Awo

Ranar da aka share makoki,
aka naɗe tabarmi, aka mayar wa maƙwabta butocinsu,
na ɗauki mabuɗin shagon Nomau
na gangara bakin tasha.
A nan Ƙaura layin dogo ya ƙare,
shagon yayana kuwa daf da ƙarshen ƙarfen yake.

Ƙofa ta yi ƙara kamar mai tambayar wane ne.
Keke na nan, allura a ƙasa,
ta nutse a wuyan wata shuɗiyar riga,
rabi an ɗinke, rabi na jira.
Almakashi ya saki baki.
Shayin da ya bari a kofi ya bushe ya bar zobe.

Haƙuri, Jaɓɓi. Haƙuri, Jaɓɓi.
Na ji haƙuri har kunnena ya yi kanta.
Liman ya ce bashi ne, kowa zai biya,
na shafa, na ce amin, na san gaskiya ne,
sai dai gaskiyar ba ta zare allura daga wuyan riga ba.

Yalwa, matarsa, daka ta zaɓa.
Tun asuba taɓarya ke magana a cikin gida,
ko da gari cike da ƙwarya.
Ta ce in hannu ya tsaya, ƙirji ke karɓa.
Inna har yau kwano huɗu take zubawa,
sai ta tuna, ta kife faifai a kan ɗaya,
ta ce a miƙa wa mai gadin asibiti.
Ɗan autansa da tef ɗin awo yake kwana a wuya,
yana auna akuya, yana auna randa,
yana auna ƙofar da uban bai shigo ba.

Ni ko ɗigo.
Ban yi ba a gaban makara, ban yi ba a bakin kushewa,
har aka soma raɗa
wai dutsen Kwatarkwashi ne a ƙirjina.

Ran Talata wani mahauci ya leƙo,
yana sosa ƙeya, yana kallon takalminsa:
ba don komai ba, kaftanin yarona ne.
Na ce ya dawo Juma'a.
Ni da albasa nake sayarwa,
ban taɓa zura zare a allura ba.

Na zauna a kujerarsa, ta ƙi ni.
Matakin keken ya lotsa daidai tafin ƙafarsa,
tawa ta yi ta lalube a ciki.
Zare ya tsinke sau tara kafin azahar.

Sai na buɗe littafin awo.
Ashe rabin gari na ciki:
kafaɗa, hannu, wuya, tsawo,
masu rai da waɗanda suka riga shi,
da basussukan da ya ja wa layi
ba tare da ya faɗa wa kowa ba.
A shafin ƙarshe, da birkitaccen rubutun nan nasa:
Jaɓɓi, shuɗiya, ta Sallah.
A ƙara inci ɗaya a ciki, ya fara ajiye tumbi,
kada ya ji.

Dariya ce ta fara zuwa.
Ita ta buɗe wa ɗayan ƙofa.
Na yi ta yi har mai shayi ya kashe wutarsa,
har yadin ya jiƙe ya yi duhu a hannuna.

Mahauci ya karɓi kaftani, hannu ɗaya ya ɗara ɗaya,
ya ce ba komai, yaro zai girma.

Shuɗiyar kuwa na ƙarasa ta cikin kwana shida.
Ana ganin inda hannunsa ya tsaya, santal,
da inda nawa ya kama, kamar sawun ɗan maraƙi.
Na saka ta na je Idi.
Wani ya ce, wane tela ne ya cuce ka?
Na shafa wuyan, na ce,
mu biyu ne.