Kanta

Wata bakwai ina tashi ƙarfe uku na dare
in jera jarkoki a bakin famfon Garin Malam,
kunnena a jikin ƙarfe, ko zai yi tari.
Wata huɗu albashi bai faɗo ba.
Na koyi bi ta bayan duwatsu
don kada in haɗa ido da Ma'azu mai shago
da littafinsa mai jan bango.
Yara tamanin da uku a aji,
alli rabi, murya ɗaya.

Ran Talata komai ya zo lokaci guda.
Famfo ya yi tari, ya yi amai, unguwa ta ɗau guɗa.
Waya ta yi ƙara: kuɗi sun shiga.
Na ƙirga jikkunan sau biyu
kamar mai ƙirga wa wani.

Na sayi kilishi a Kasuwar Dole,
irin wanda da can ƙamshinsa kaɗai
ke sa ni manta sauran cefane.
Na tauna. Takarda.
Cima ta rugo da sakamakon lakwal, ita ce ta ɗaya.
Na ce madalla.
Bakina ne ya faɗa, ni ina can nesa
ina kallon ƙadangare a katanga.

Inna ta ce rashin godiya ne.
Na yi istigfari, na ƙara.
Godiyar tana nan, na san inda na ajiye ta,
hannun ɗauka ne ya mutu.

A asibiti, Barira mai awon jini
ba ta yi dariya ba.
Ta juya tafin hannuna, ta danna gindin yatsu:
kin ji?
Na ce a'a.
Ta ce igiyar guga ce ta yi wannan.
Fatar da ta gaji da jin zafi takan rufe ƙofa,
kuma ƙofar ɗaya ce,
ta nan laushin alhariri ke shiga.
Ta ce ciwo ne, yana da suna, yana da magani.
Ta rubuta mini ranar ganin likita.

Kanta ba ta fita rana ɗaya.

Yau da la'asar, a inuwar tsohuwar ganuwar Birni,
Cima ta tura mini tsamiya a baki, da wasa.
Ban ji daɗi ba, kada in yi ƙarya.
Amma muƙamuƙina ya motsa,
yawu ya taru,
na yamutsa fuska.

Ta ce: Mama, da tsami?
Na ce bari in ƙara ji.