Ƙullin Koren Zare

Shekara talatin da ɗaya ina taka keken nan a Wunti,
har ƙafar dama ta fi ta hagu kauri.
Na yi wa liman jabba, na yi wa ango kaftani,
na rage rigar mamaci don ta zauna wa ɗansa.

Gidado kuwa wata tara ya yi a shagona,
ramin maɓalli ɗaya bai taɓa fitar masa daidai ba.
In na aike shi sayo zare, da baiti yake dawowa,
yana kaɗa almakashi a kan teburin guga,
har na ce, yaro, ko allura ko surutu, zaɓi ɗaya.
Ya zaɓa.

Yau Tsawa ake ce masa.
Fuskarsa na manne a bayan adaidaita
daga Gidan Mai har Yelwa.
Bara ya sauko daga wata baƙar mota,
ya durƙusa, wannan kam bai manta ba,
ya ce, "Baba Barau, sunana zan mayar sutura."

Ya baje samfur a kan tebur.
Riga da hula ɗinke a ƙeya,
faɗinta ya ɗauki mutum biyu da ɗan akuya.
Wando kuma an yage gwiwarsa tun ba a sa ba.
Na ce, "Ai irin wannan ake kawo mini faci."
Ya ce, "Baba, yagar ce kuɗin."

Na karɓa. Kuɗin makaranta ba ya jin wa'azi.
Yadi daga Kano, fenti daga wani yaro a Jahun,
jar walƙiya a ƙirji, sunansa da manyan baƙaƙe,
ni da yarana huɗu da janareto mai tari
muna raba dare.
A wuya mu liƙa ɗan ƙyalle mai sheƙi
wanda bai san Bauchi ba, balle Barau.
Dubu ɗaya da rabi ladana a kowace riga.
A shagonsa mai gilashi dubu ashirin da biyar,
kuma ba a taya wa.

Na ɗauka yayin kwana bakwai ne.
Sai ga ɗaliban Gwallameji sun mai da ita fata,
sai ga ta a filin ƙwallo, sai ga ta a wurin kamu.
Ranar Juma'a ɗan mai unguwa ya tsaya gabana a sahu,
babbar riga a sama, aikin hannu,
walƙiyata na leƙowa ta wuya.
Na yi sallama ina cizon leɓe.

Wata shida, jabu ta sauka a Muda Lawal,
dubu uku, an rubuta Tsiwa.
'Yan acaɓa suka wawashe kafin la'asar.
Shi ya hau waya yana kumfar baki,
ni na sayo guda, na juya cikinta.
Wallahi ɗinkin ba laifi.
Wani tela ne a wani gari, mai ciwon baya irin nawa,
shi ma ba suna.

Ga abin da ko Gidado bai sani ba:
duk abin da ya bar hannuna
da ɗan ƙullin koren zare a ɓoye cikin kalmasa.

Jiya wata mata ta zo da wandon ɗanta a leda,
ta ce, "Malam, dubi abin da aka cuce shi da shi,
rufe mini gwiwar nan kafin ubansa ya gani."
Na juya ƙafar wandon. Ga koren zarena.
Ban ce komai ba, na nemo ƙyalle.
An biya ni na yaga, an biya ni na toshe.

Rediyon mai shayi na ta zuba waƙarsa.
Maganar ta yi mini sauri, rabi nake tsinta.
Amma na lura ƙafar nan mai kauri
tana taka keken daidai da kiɗan,
kuma layin bai karkace ba.