Layi a Buɗe Yake

Duk daren Talata, bayan isha'i,
a shagona na Aboabo, ƙarƙashin fankar da ta gaji da juyi,
Baba Mumuni kan fito a akwati
da hularsa ta shekara goma sha ɗaya
da furen roba cikin kwalbar da ba a taɓa gogewa ba.
"Layi a buɗe yake," in ji shi.
A buɗe kuwa, kamar bakin rijiyar da ta ƙafe.

Ba mai kira.
Sai ya gyara zama, kujera ta yi kuka,
ya sake ɗauko tafiyarsa Tamale a bayan motar doya,
labarin da ko almakashina ya haddace.

Sumaila mai gyaran rediyo ya ce mai tashar surukinsa ne.
Abiba mai wake da shinkafa ta ce a'a,
mai maganin basir ke biya,
wancan da ake nuno kwalabensa sau huɗu kafin sallama.
Yaron shagona ya ce mantawa aka yi da shi,
yadda ake manta allura a wuyan riga.
Ni ban sani ba.
Na dai ga masu fitilu da ganguna da kyautar mota
sun zo, sun wuce kamar ruwan la'asar.
Na ga sidi ya rame a aljihu.
Baba Mumuni na nan.

Mu kuwa zagi ne namu.
Tun ba a fara ba Sumaila ke jawo benci:
"Bari mu ga abin kunyar yau."
In makirufo ya mutu, bakin tsoho na motsi ba sauti,
shi ke ara masa murya:
"Jama'a ku taimaka, uwar yara ta hana ni tuwo!"
Dariya har in ɗinka aljihu a baibai.
In an ɗauke wuta, mu zauna a duhu
muna ƙarasa masa hanyar Tamale,
ko gada ɗaya ba mu taɓa tsallakewa ba.

Azumin bara Sumaila ya kwanta.
Kwana tara. Muka kai shi Tafo.
Akwatin kayan aikinsa na ƙarƙashin teburina har yau,
ɗansa ya ce zai zo ya ɗauka.

Talata ta zagayo, ba ta nemi izinin kowa ba.
Na kunna.
Hular nan, furen nan.
Na haɗa leɓe zan yi tsaki, tsakin ya maƙale.
Ashe zagi ma tuwo ne,
ba ya wucewa in kai kaɗai ne a akushi.

Lambar na rarrafe a gindin allo.
Na fi saninta da ta ƙanwata.
Na danna.
Ta yi ƙara can cikin akwati, na ji da kunnena.
Tsohon ya zabura,
ya dubi wani a gefe wanda ba ma gani,
ya laluba, ya ture kwalba, fure ya faɗi.
"Salamu alaikum? Wa ke magana? Daga ina?"
Hannunsa na rawa.

Ban shirya komai ba.
Na ce, "Baba, tela ne, daga Aboabo.
Motar doyan nan,
da kuka kai Kintampo, me ya faru?"

Na san me ya faru. Taya ce ta fashe.

Ya gyara hula,
ya yi murmushi da haƙoran da suka rage,
ya ɗauko ta tun daga Kejetiya.
Na ajiye wayar a kan benci, gefen da ba kowa,
na koma kan keke, na kama kalmasa.
Ƙafata na takawa,
shi kuma bai ko fita Kumasi ba tukuna.