Mai Goyo Ba Ta Shiga Kasko

A Skun, inda motocin Fnom Pen ke tsayawa su sha iska,
uwata tana da tire, tana da kasko,
tana da suna a bakin direbobi.
Gizo-gizo take soyawa, manya, baƙaƙe, masu gashi,
da tafarnuwa da gishiri da ɗan sukari,
ta tula su kamar tsibin gawayi.
Baƙi su ɗauki hoto, su runtse ido, su ciza.

Ni kuwa Chenda, 'yar mai tiren,
shekara goma sha huɗu ina kewaye bokitin nan
kamar mai kewaye rijiya marar murfi.
In na ji ƙafafunsu a jikin roba,
ƙaras-ƙaras, can ƙasa,
sai tsikar jikina ta tashi, yawu ya ƙafe.
Abarba nake sayarwa a ƙarshen layi.
'Yan tasha na dariya: ga 'yar masunci na gudun ruwa!

Da damina ta ja baya, hannun kakata Sokhom ya soma rawa.
Ta ce, "Zo ki zama hannuna yau."
Ban san inda muka nufa ba sai cikin gonar yazawa.
Ta durƙusa da ƙyar gaban wani rami
mai farar yana a baki, kamar an rataya masa labule.

Ta miƙo min tsinken ciyawa.
"Sosa bakin ƙofar. A hankali.
Matar gida na ciki, ba a faɗa mata da garaje."

Na sosa, gwiwata na kaɗawa.
Ƙafa ɗaya ta leƙo.
Ta biyu.
Na bar ƙirga, na bar numfashi ma.

Kaka ba ta dube ni ba, ramin take kallo.
"Shekarun da ake ƙirga ƙwayar shinkafa a cokali,
ina kamar ke, sai dai ƙashi da fata.
Cikin dare nake rarrafowa irin wannan wuri.
Ke dodo kike gani.
Ni ina ganin wadda ta kai ni gobe,
goben ta kai ni ga uwarki,
uwarki ta kawo ki."

Ta shimfiɗa tafina a ƙasa, ta danne da nata mai rawa.
Matar gida ta fito duka.
Ta taɓa yatsana, ta ja da baya,
ta sake taɓawa,
kamar mai laluben bakin gada a duhu.
Ashe ita ma tsoro take ji.

Sai ta hau.
Na zaci nauyi, na zaci zafi.
Ba ta fi furen kabewa nauyi ba.
Takunta sanyi-sanyi, ɗai-ɗai,
irin yayyafin da bai gama shawara ba.
A ƙarƙashinta wani farin ƙunshi, ta rungume shi gam.

"Ƙwai ne," in ji Kaka.
"Mai goyo ba ta shiga kasko. Sauke ta."
Na karkata hannu, ta gangara, ta shige ɗakinta,
ba godiya, ba waiwaye.

Muka koma da bokiti wayam.
Uwata ta yi ta faɗa, Kaka ta zama kurma.

Ba zan ɓoye ba,
har yau in wani ya faɗo daga rufi, ina zabura.
Tsoron bai mutu ba, tsawo ya rage,
ya dawo iya gwiwa,
yana bina kamar karen da ya san mai shi.

Jiya wani baƙo, ƙato, rana ta gasa masa wuya,
ya tsaya nesa da tire yana haɗiyar yawu.
Na sa hannu a bokiti, na ɗauko mai rai,
na ɗora a kafaɗata,
na yafito shi.

Ya matso taku ɗaya.
Na san tsawon takun nan.
Ni ma na taɓa auna shi.