Mayar da Duwatsu

Ina ɗan shekara goma sha tara
kamfanin katako ya ɗora ni kan katafila.
Aka nuna min Rafin Orr, aka ce, "Helmer,
wannan ya cika kwane-kwane.
Gumagumai na maƙalewa, kuɗi na ruɓewa a ruwa.
Miƙe shi."

Na kuwa miƙe shi.
Duk dutsen da ya ɗaga kai na ture shi gaɓa,
na jera su hagu da dama kamar haƙoran mushen doki.
Kafin bazara biyu rafin ya koma lambatu,
ruwa na gudu kamar wanda ake bi bashi,
ba ya tsayawa gaida kowa.
Aka ba ni kyautar agogo. Har yau yana aiki.

Kifaye ne suka daina zuwa.
Ba wanda ya ce ni ne. Mu a arewacin Suwidin
ba ma faɗin irin wannan,
sai dai a turo maka kofi, a dubi taga.

Yau ina da saba'in da takwas,
ga ni a benci na uku a zauren taron ƙauye,
fensir na rawa a hannun da ya saba da ƙarfe.
Gemu dai ba ya hana ilimi.
Malamarmu Majken, jikar mai biyan mu albashi a da,
ta ce darasin farko, kada kowa ya zana komai.
A je a zauna.

Kwana uku muna zaune a gaɓa,
sauro na cin kasuwa a wuyanmu,
rana ta ƙi faɗuwa balle mu sami hujjar tashi.
Ta jefa ɓawon lemo, ta ce mu bi shi da ido:
inda ya yi sauri, inda ya yi nawa,
inda ya juyo kamar ya yi mantuwa.
"Can yake son ya haƙa, nan yake son ya sauke yashi.
Aikin nasa ne. Ku dai ku ba shi dalili."

Zanena na farko, duwatsu sahu-sahu, tazara daidai.
Ta jima tana kallo.
"Wannan fareti ne, Helmer.
Ka taɓa ganin ambaliya da igiyar awo?"
Na goge har takarda ta huje.
Na koyi kayar da itace guda, saiwarsa na kallon tudu,
na koyi dutse uku sun fi talatin
in sun zauna inda ruwa ke neman abokin gardama.

Abu ɗaya taswirarta ba ta sani ba:
inda tsohon hannun rafin ya bi.
Ni na sani.
Ni na toshe shi, wata Talata, ana yayyafi.
Na shige gaba cikin dajin da ya girma kan laifina,
su shida na biye, ba mai tari,
har bakin dutsen da ƙanena Göte ke hawa da fatsa.
Gansakuka ta rufe shi, amma ga tabon ƙarfena.

Minti huɗu na yi wajen fitar da shi.
Mayar da shi ya cinye mana wuni,
da igiya, da sanduna, da zagi, da bayan Majken.
Da ya faɗa, ruwa ya yi turus,
ya rabu biyu, ya kewaye shi,
ya yi wata murya da na manta ina kewarta.

Ta ce kifi, watakila nan da shekara goma.
Na yi lissafi, na bar wa cikina.

Jiya, kafin ƙanƙara ta rufe hanya,
na koma ni kaɗai, na durƙusa da kyar,
na cire agogon don kada ya jiƙe,
na zura hannu bayan dutsen.
Tsakuwa ce, cikin tafi ɗaya, mai sanyi,
wadda babu ita a zanen kowa.